Karatun gaba da digiri a fasahar zane da koyar da ita: Jagora ga malaman Kudancin Kano

Darasin fasaha da al'adu yana cikin darussan da manhajar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta tanadar wa yara, tun daga firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ce ta haɗe zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin wannan darasi guda, a manhajar shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008, aka kuma sake mata fasali a 2012. Saboda haka kowace makaranta a ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa tana buƙatar malamin da ya iya zane da hannunsa, ya kuma san yadda ake koya wa yaro shi.

Samun waɗannan abubuwa biyu a wurin mutum ɗaya shi ne mai wuya. Akwai gwanin zanen da ba ya iya bayyana wa ɗalibi yadda ya yi aikinsa. Akwai kuma malamin da ya haddace ma'anar layi da launi da siffa, yana rubutawa a allo yara suna kwafa, alhali shi kansa ya shekara bai riƙe burushi ba. An tsara karatun gaba da digirin farko a wannan fanni ne domin haɗa ɓangarorin biyu, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyinsa a ƙasar nan tana Zariya, maƙwabciyar Kudancin Kano.

Abin da fannin ya ƙunsa

Masana sukan raba karatun fasaha gida uku. Na farko shi ne aikin hannu a ɗakin aiki, wanda ake kira situdiyo. A nan ake zanen fenti, da sassaƙa da ƙira, da ginin tukwane da tangaran, da rini da saƙa da zanen atamfa, da zanen talla da na littattafai. Na biyu shi ne ilimin koyar da fasaha, wato nazarin yadda yaro yake fara zane, da yadda ake tsara darasi, da auna aikin ɗalibi, da tsara manhaja. Na uku shi ne tarihin fasaha da sharhi a kanta.

A Jami'ar Ahmadu Bello, waɗannan rassa suna ƙarƙashin Tsangayar Tsara Muhalli a babban harabar jami'ar da ke Samaru. Sashen Fasahar Zane yana riƙe da zanen fenti da sassaƙa da tarihin fasaha da ilimin koyar da ita. Sashen Zanen Masana'antu kuma yana riƙe da tangaran da yadi da zanen talla. Sanin wannan rabe-rabe yana da amfani tun kafin a sayi fom, domin wanda yake son rini ko tukwane ƙofarsa daban take da ta mai son zanen fenti.

Yadda Zariya ta zama cibiya

Koyar da zanen zamani a makarantun Najeriya ya faro ne daga Aina Onabolu, wanda ya yi karatu a Landan da Paris, ya dawo Legas a 1922 ya ci gaba da koyarwa. A 1927 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo Kenneth Murray daga Ingila domin ya koyar da zane, kuma Ben Enwonwu yana cikin ɗalibansa. Sai dai a wancan zamani duk mai son zurfafa karatu sai ya ƙetare teku.

Lamarin ya sauya da kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya. An buɗe sashenta na zane a reshen Ibadan a 1953, sannan aka mayar da shi Zariya a 1955. Daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka koyar a sashen akwai Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta yi karatun zane a Landan. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya zama wani ɓangare nata.

A 1958 wasu ɗaliban sashen suka kafa Ƙungiyar Masu Fasaha ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne ɗalibi ya koyi dabarun zanen Turai, amma ya gauraya su da fasahar da ya gada a gida. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma ra'ayin ya bi su duk inda suka je, domin kusan dukkansu malamai suka zama. Onobrakpeya ya ƙara da takardar shaidar koyar da zane a Zariya, ya kuma shafe shekaru yana koyarwa a makarantar sakandare ta St. Gregory da ke Legas. Grillo ya shugabanci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba. Okeke ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, inda ya shigar da zanen gargajiyar Ibo mai suna uli cikin karatun jami'a.

Mutum biyu daga tarihin sashen sun isa misali ga malamin yau. Solomon Wangboje, wanda ya gama a Zariya a 1959, ya yi digiri na biyu na aikin situdiyo a Cranbrook da ke Amurka, sannan ya yi digirin digirgir a ilimin koyar da fasaha a Jami'ar New York. Ya koyar a Ife da Zariya da Benin, ya kuma rubuta littafin koyar da zane domin ƙananan sakandare. Gani Odutokun kuwa a Zariya ya yi duk karatunsa: digirin farko a 1975, na biyu a 1979, ya ci gaba da koyar da zanen fenti a sashen har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995. Dukkansu biyun ba su ajiye aikin hannu ba don sun shiga aji.

Hanyoyi biyu a digiri na biyu

Malamin da ya yi niyyar komawa karatu zai tarar da manyan hanyoyi biyu, kuma zaɓinsa a nan shi ne zai nuna inda zai ƙare.

Hanya ta farko ita ce digirin MFA, wato digiri na biyu na aikin situdiyo. Asalinsa daga Amurka yake, inda Jami'ar Iowa ta fara bayar da shi a 1940. Ɗalibi yakan ƙare mafi yawan lokacinsa yana aiki da hannu. Zai ɗauki matsala guda, misali yadda za a mayar da zayyanar bangon gidan Hausa zuwa zanen fenti, ya yi ta gwaji a kanta har ya tara ayyuka masu yawa. A ƙarshe ya baje kolinsu gaban masu jarrabawa, tare da rubutaccen rahoto da ke bayanin matsalar, da waɗanda suka taɓa aiki a kanta, da hanyar da ya bi, da abin da ya gano. Nauyin makin yana kan ayyukan da aka gani da ido.

Hanya ta biyu ita ce digiri na biyu a ilimin koyar da fasaha. Nan bincike irin na fannin ilimi ake yi. Ɗalibi zai shiga makarantu, ya lura da yadda ake koyarwa, ya yi hira da malamai, ya gwada wata dabarar koyarwa a aji ɗaya ya kwatanta da wani ajin, sannan ya rubuta kundi ya kare shi. Yana buƙatar sanin hanyoyin bincike da ɗan lissafin ƙididdiga.

Wanda burinsa ya koyar da zanen fenti ko sassaƙa ko tangaran a kwalejin ilimi ko kwalejin fasaha, hanyar situdiyo ta fi dacewa da shi. Wanda yake hangen aikin duba makarantu, ko tsara manhaja, ko horar da malamai, ko koyar da dabarun koyarwa, hanya ta biyu ce tasa. Kuskure a wannan gaɓa yana da tsada. Mai rauni a rubutu da ya faɗa hanyar bincike yakan maƙale a kundi shekara da shekaru, haka ma wanda hannunsa ya yi sanyi idan ya shiga situdiyo.

A Amurka ana ɗaukar MFA a matsayin ƙarshen karatun aikin situdiyo. A Najeriya an daɗe ana muhawara kan haka, domin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta nace cewa malamin jami'a ya mallaki digirin digirgir kafin ya hau manyan matakai. Wannan ya sa jami'o'i, har da ta Zariya, suka buɗe digirin digirgir a rassan situdiyo, inda ake haɗa ayyukan hannu da kundi mai zurfi. Mai niyyar koyarwa a jami'a ya kwana da sanin cewa digiri na biyu zango ne a tafiyarsa.

Matakan da ake bi kafin a kai can

Mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince da ita ga malamin makaranta ita ce NCE, wadda ake yi cikin shekara uku. Malaman zane da yawa na Jihar Kano daga nan suka fara, a sassan zane na kwalejojin ilimi da ke Kano da Kumbotso da Bichi da Zariya. Ba a tsallakawa daga NCE zuwa digiri na biyu. Sai mutum ya yi digirin farko tukuna, ko ta hanyar shiga jami'a kai-tsaye a aji biyu, ko ta shirye-shiryen karatun dogon hutu da aka tanadar wa malaman da ke bakin aiki.

Wanda ya fito daga kwalejin fasaha da babbar difloma ta HND, kamar masu karatun zane a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, jami'o'i sukan nemi ya yi diflomar gaba da digiri kafin su karɓe shi. Wanda kuma ya yi digirin zane zalla ba tare da darussan ilimi ba, yana buƙatar diflomar koyarwa ta PGDE ko makamanciyarta domin ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993.

Abubuwan da aka saba nema wajen shiga digiri na biyu sun haɗa da digirin farko mai daraja ta biyu a fannin ko wanda ya kusance shi, da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Ingilishi, da shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon jami'ar da aka gama, da wasiƙun shaida daga malamai. Ga mai neman situdiyo akwai ƙari mai nauyi, wato tarin ayyukansa. Malamin da ya daina aiki tun ranar da ya bar makaranta ba shi da abin nunawa. Shi ya sa ya kamata a fara shiri tun shekara guda kafin neman gurbi: littafin zane kullum a hannu, ayyuka kammalallu, da hotunansu masu kyau tare da kwanan wata. Sharuɗɗa da lokacin sayar da fom sukan sauya, don haka sanarwar makarantar manyan digirori ta jami'ar a shekarar da ake nema ita ce abin dogaro.

Yadda karatun yake gudana

Shekarar farko ta darussa ce: hanyoyin bincike, da tarihin fasaha, da falsafar kyan abu, da zanen fensir mai zurfi, da darussan reshen da mutum ya zaɓa. Daga nan ɗalibi ya gabatar da ƙudurin bincikensa a taron ƙara wa juna sani na sashe, a ba shi malamai masu duba aikinsa. A situdiyo akwai zaman sharhi, inda ake jera ayyukan ɗalibi, malamai da 'yan uwansa ɗalibai su yi musu tankaɗe da rairaya a gabansa. Zaman yana da ɗaci ga wanda ya saba shi ne mai gyara wa wasu, amma a nan malami yake koyon yadda ake gyara aikin yaro ba tare da an kashe masa gwiwa ba.

A ƙa'ida karatun yakan ɗauki kimanin shekara biyu ga mai cikakken lokaci, sannan a kare aiki a cikin gida, a kuma kare shi gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. A zahiri yakan wuce haka. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Abin bincike yana nan a gida

Malamin Kudancin Kano yana da abin da ɗalibin birni zai yi tafiya kafin ya samu. Tun a 1976 David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Zariya ya kuma yi bincike mai zurfi kan ɗinkin rigunan Hausa, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 ya zama abin nazari ga masana gine-gine. Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gargajiyance kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta yana kan takardar naira 20. Jami'a ta daɗe da amincewa cewa sana'ar gargajiya ilimi ce da ake nazari.

Garin Kura, wanda ya shahara da rini da bugu, ba shi da nisa da Bebeji. Mai karatun yadi zai iya nazarin baba da toka da katsi a karofi, ya gwada yadda za a koyar da rinin ɗauri a aji da robobi da bokitai. Mai karatun tangaran zai iya ɗebo yumɓu daga fadamu da bakin rafukan yankin, ya gwada ƙarfinsa a wuta, ya gano wanda zai yi wa makaranta amfani. Mai zanen fenti yana da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako tsakanin 1971 da 1974, da dajin Falgore, da duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Akwai zanen ƙwarya a rugagen Fulani, da saƙar faifai da tabarma, da ɗinkin hula, da lalle, da zayyanar allon sauka.

Mai bin hanyar koyarwa kuwa matsalarsa tana cikin ajinsa. Yaya za a koyar da launi a makarantar da ba ta da kuɗin fenti? Gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa da karan dafi, idan aka kwaɓa su da ƙaro, za su iya maye gurbin kayan kanti? Wace dabara ce ke aiki a aji mai cunkoso? Me ya sa ɗalibai suke barin zane da sun shiga babbar sakandare, alhali hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawarsa? Duk waɗannan tambayoyi ne da za a iya gina kundi a kansu, amsarsu kuma ta amfani makarantun Kofa da Yako da Doguwa da sauran garuruwan yankin.

Batun addini

Abin da ya fi hana iyaye da malamai sakin jiki da wannan fanni shi ne hukuncin suranta abu mai rai, musamman mutum-mutumi, wanda malaman Musulunci suka yi magana mai ƙarfi a kansa. Ya kamata mai neman gurbi ya san cewa darussan zanen fensir a jami'a sukan haɗa da zana siffar mutum, ya tambayi sashen tun farko, ya kuma nemi fatawar malamin da ya amince da shi. Fannin dai yana da faɗi. Rini da saƙa da tangaran da gilashi da zanen talla da tsara littattafai da rubutun hannu na ado da zanen shimfiɗar ƙasa duk rassa ne da ake yin bincike mai zurfi a cikinsu. Malamin da ya ƙware a irin waɗannan shi ne zai fi iya gamsar da iyaye a ƙauye cewa darasin yana koya wa yaro sana'a da lura da tsaftar aiki.

Kuɗi da izinin wurin aiki

Karatun situdiyo ya fi yawancin karatu cin kuɗi, domin bayan kuɗin makaranta akwai fenti da yadin zane da katako da sinadaran rini ko na tangaran, da kuɗin shirya baje koli. Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, yana ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati ne. Malamin firamare ko sakandare ba ya cikin wannan tsari. Hanyarsa ita ce neman hutun karatu a rubuce, ta hannun shugaban makarantarsa zuwa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da SUBEB, ko zuwa hukumar kula da makarantun sakandare ta jiha. Tafiya karatu ba da takardar izini ba tana iya jawo tsayar da albashi, ko a ƙi amincewa da takardar idan an dawo.

Kusancin Zariya yana rage wahala. Kwanar Ɗangora da ke Ƙiru tana kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya, dab da iyakar Jihar Kaduna, mutumin Bebeji ma kan wannan hanya yake fitowa. Duk da haka aikin situdiyo yana son zama. Fenti sai ya bushe a ƙara wani, tukunya sai ta sha iska kafin a gasa ta, masu duba aiki kuma suna son ganin ɗalibi a wurin aikinsa. Wanda ya yi lissafin zuwa ranar Juma'a ya dawo Lahadi zai daɗe bai gama ba. Mutumin Tudun Wada ko Doguwa, wanda tafiyarsa ta fi nisa, gara ya sa kuɗin ɗakin haya a Samaru cikin lissafi tun farko.

Bayan an kammala

A aikin gwamnati ƙarin girma yana tafiya da shekarun aiki da jarrabawa da guraben da ake da su, don haka digiri na biyu shi kaɗai ba ya ɗaga mutum nan take. Amfaninsa yana bayyana ne wajen neman koyarwa a kwalejin ilimi ko ta fasaha, inda ake buƙatarsa kafin hawa manyan matakai, da wajen aikin duba makarantu da horar da malamai. A kasuwa ma akwai hanya: masu buga littattafai, da masu buga kalanda da allunan talla, da masu zanen yadi da adon gine-gine, duk suna neman wanda ya iya tsara abu.

A watan Yunin 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, inda aka fi mayar da hankali ga azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai. Darasin fasaha yana buƙatar ƙari a kan waɗannan, wato malamin da zai zauna da yara su kwaɓa yumɓu, su haɗa launi, su rina ƙyalle da hannunsu. Shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin huɗu suna da rawar takawa a nan: su saki malamin zanen da ya nemi hutun karatu, idan ya dawo kuma su bar shi a kan darasinsa, maimakon a cike gurbin wani darasi da shi.